Rijiyoyin da Suka Ba da Shaida a Ƙasar Ogoni

Rijiya a wurin Bahaushe wurin ɗebo ruwa ce. Amma akwai wata irin rijiya wadda ake haƙawa domin a ji abin da ƙasa ta ɓoye a cikinta. Masana muhalli suna kiranta rijiyar sa ido. Irinta guda 142 aka haƙa a ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas, kuma shaidar da suka bayar ta tabbatar da koken da mutanen yankin suka kwashe shekaru suna yi.

Tarihin ya faro ne daga shekarar 1956, lokacin da aka samu man fetur a Oloibiri. Shekara biyu bayan haka aka same shi a Bomu, cikin ƙasar Ogoni, kamfanin Shell ya shiga haƙowa. Mutanen Ogoni manoma ne da masunta, sai ga bututai sun ratsa gonakinsu, mai yana malala cikin rafukansu. A 1990 suka kafa ƙungiyar MOSOP, wadda marubuci Ken Saro-Wiwa ya zama muryarta. Gwagwarmayar ta sa Shell ya dakatar da haƙo mai a yankin a 1993. A ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Saro-Wiwa tare da mutum takwas. Duk da wannan jini da aka zubar, gardama ba ta ƙare ba: mutanen gari suna cewa ruwansu ya lalace, amma ba su da hujjar da hukuma za ta karɓa, domin ido ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo gwamnati ta gayyaci hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta yi bincike mai zaman kansa. Masana suka shafe wata 14 suna aiki a ƙananan hukumomi huɗu: Eleme da Gokana da Khana da Tai. Suka duba wurare sama da 200, suka tattara samfuri fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa da sauransu.

Aikin rijiyar sa ido mai sauƙin fahimta ne. Ana fasa siririn rami har a tarar da ruwa, ana ɗibar ƙasa daga kowane zurfi ana ajiyewa daban. Sai a zura bututu mai ƙananan tsagogi a ɓangarensa na ƙasa, a zuba yashi kewaye da shi domin ya tace laka, a toshe sama da yumɓu da siminti don kada ruwan sama ya shiga ya rikita sakamako. Idan aka auna tsayin ruwa a rijiyoyi da dama, sai a gane inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya nufa, wato inda gubar take bi. Kuma tunda mai ba ya nutsewa a ruwa, ana iya auna kaurinsa a sama.

A ranar 4 ga Agusta 2011 aka miƙa rahoton ga Shugaba Goodluck Jonathan. A wurare 49 an tarar da mai ya nutsa cikin ƙasa zurfin aƙalla mita 5. A Nisisioken Ogale an samu tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da rijiyoyin gari ke sha daga gare shi, kuma sinadarin benzin mai haddasa cutar daji ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A Ejama-Ebubu kuwa, an tarar man da ya zube kimanin shekara 40 kafin binciken bai gushe ba. Masanan suka kiyasta cewa gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, suka ba da shawarar a fara da dala biliyan ɗaya.

Sai dai gano cuta daban, samun magani daban. An kafa hukumar HYPREP a 2012, amma sai a watan Yuni 2016 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da aikin gyaran a Bodo. Shekara biyar ke nan tsakanin rahoto da ƙaddamarwa.

Babban darasin wannan tarihi shi ne an haƙa rijiyoyin sa ido ne bayan shekara hamsin da fara haƙo mai, alhali da an haƙa su tun farko, da an ga gubar tun tana ƙarama. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a Nuwamba 2022 aka ƙaddamar da haƙo mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda jama'a suka dogara da rijiya da burtsatse. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kamata a auna ruwan Kolmani yanzu, a rubuta sakamakon, a ba mutanen wurin su ajiye, domin duk ranar da aka yi musu, su kasance suna da hujja a hannu.