Yadda Hanyar Maraɗi Ta Haifi 'Yan Kasuwa a Ƙasar Jibiya

Duk wanda ya san ƙasar Jibiya, tun daga Magama har Kusa, ya san arzikinta a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi yake rataye. Amma a zamanin da, hanyar nan ta tsoro ce. Tun da aka fitar da sarakunan Haɓe daga Katsina cikin 1807, har suka je suka kafa Maraɗi, dajin da ke tsakani ya zama na mahara. Ba mai ratsa shi sai babban ayari, da madugu da makamai. Saboda haka fatauci ya zama na masu ƙarfi kaɗai.

Cikin 1903 Turawan Ingila suka shigo Katsina, Faransa kuwa ta riƙe Maraɗi, aka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908. Hari ya mutu, mutane suka bazu suna saran daji. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa Baitulmali, aka koma karɓar haraji da kuɗin Turawa maimakon wuri, tilas manomi ya nemi abin sayarwa. Ana nan sai jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, shekara ta kewayo kamfanoni suka shiga sayen gyaɗa da daraja.

To, Turawan kanti ba su san ƙauyuka ba. Sai suka riƙa ba attajirai kuɗi, irin su Alhassan Ɗantata, Allah ya ji ƙansa, su kuma su rarraba wa yaransu. Yaro ya ɗauki sikeli ya tsare kasuwar ƙauye, in ya riƙe amana kaka biyu ko uku, sai ya tsaya da ƙafarsa. Gyaɗar Maraɗi ma ta Kano ake fitar da ita, ta wannan hanya take bi. Nan masu jakuna da raƙuma suka sami sufuri, fatoma ya sami baƙi, dillali ya sami la'ada, mai tuwo ta sami masu saye.

Amma kasuwa ba ta da tabbas. Daga 1929 ciniki ya faɗi ko'ina a duniya, darajar gyaɗa ta karye, kamfanoni suka ƙuntata bashi, ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka koma gona. Wajen 1954 Faransa ta fara karkata gyaɗar ƙasarta ta bi ta Kwatano. Daga baya farin 1973 da 1974 ya durƙusar da noman gyaɗa.

Duk da haka ciniki bai mutu ba, sai ya sake kama. Da yake kuɗi biyu ne, naira da sefa, doka kuma biyu, abin da ke da araha a wannan gefe yana da tsada a wancan. Alhazan Maraɗi suka riƙa sauko da atamfa da taba da shinkafa daga Kwatano, hatsi da man fetur suna haurawa arewa, dabbobi suna gangarowa kudu. Canjin kuɗi ya zama sana'a, haka dako da tuƙin mota.

Sau uku aka rufe iyakar nan: daga 1984 zuwa 1986, da 2019 har 2022, da kuma 2023 zuwa 2024. Kowane karo babban attajiri yana da jarin da zai jira, amma mai ɗan tebur da ɗan dako uwar kuɗi suka cinye. Cikin 2021 aka aza harsashin hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta ratsa Jibiya.

To, jama'a, ku duba. Himma ba ta taɓa ƙaranci a ƙasar nan ba, amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In an sami zaman lafiya, hanya tana buɗe, da ubangidan da zai ba da jari bisa amana, yaron yau shi ne attajirin gobe. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.