Yadda ƙoda ke aiki da hanyoyin kula da mai ciwonta

Ƙoda na daga cikin sassan jikin da ke aiki dare da rana ba tare da mai su ya lura ba. Ɗan'adam yana da guda biyu a ƙasan haƙarƙari, ɗaya a dama ɗaya a hagu na ƙashin baya. Siffarta kamar ƙwayar wake, girmanta kuma kusan na dunƙulen hannu.

Aikin ƙoda

Babban aikinta shi ne tace jini. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan 1. A kullum suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da lita 1 zuwa 2 a matsayin fitsari, tare da dattin da jiki ba ya buƙata.

Haka nan ƙoda ce ke daidaita ruwa da gishiri, tana taimakawa wajen saita ƙarfin bugun jini, tana fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya samar da jajayen ƙwayoyin jini, sannan tana sarrafa bitamin D domin ƙarfin ƙashi.

Yadda take gazawa

Gazawar ƙoda iri biyu ce. Akwai ta farat ɗaya, wadda zubar jini mai yawa, amai da gudawa ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kan haddasa, kuma sau da yawa ƙodar kan farfaɗo idan an je asibiti da wuri. Akwai kuma wadda ke cin ƙodar sannu a hankali cikin shekaru, wadda ciwon suga da hawan jini ke kan gaba wajen jawo ta. Yawan shan magungunan kashe zafi barkatai da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba na ƙara haɗarin.

Wannan ta biyun ta fi haɗari domin a matakin farko ba ta nuna alama. Kumburin ƙafa da fuska, kasala, tashin zuciya, ƙaiƙayi da kumfa a fitsari kan bayyana ne bayan ɓarna ta yi nisa. Likitoci sun kasa ciwon zuwa matakai 5, na ƙarshe shi ne lokacin da aikin ƙoda ya yi ƙasa da kashi 15 cikin 100.

Wanki da dashe

A wannan mataki hanyoyi biyu ne ke riƙe rai. Ta farko wankin ƙoda, inda na'ura ke zuƙo jini, ta tace shi, ta mayar, galibi sau 3 a mako, kowane zama kimanin awa 4. Likitan ƙasar Holan, Willem Kolff, ne ya ƙera na'urar farko a 1943. Wankin yana maye gurbin aikin tacewa, amma ba ya gyara ƙodar da ta lalace.

Ta biyu dashen ƙoda. An fara samun nasararsa a birnin Boston na Amurka a 1954 tsakanin wasu tagwaye, a Nijeriya kuma a asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000. Wanda aka yi wa dashe zai riƙa shan maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar muddin tana jikinsa, wanda ya bayar kuwa yana iya rayuwa lafiya da guda ɗaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki.

Rigakafi

Wanki da dashe duka suna cin kuɗin da iyalai da yawa ba sa iya jurewa, alhali gwajin fitsari da na jini da ke gano ciwon tun da wuri ba su kai haka tsada ba. Don haka ake shawartar masu hawan jini, masu ciwon suga da masu tarihin ciwon ƙoda a danginsu da su riƙa yin gwajin aƙalla sau ɗaya a shekara, su rage gishiri, su kuma daina shan magani ba tare da izinin likita ba.