Daga fam zuwa ₦

Duk wadda ta buɗe littafin adashin ƙungiyarmu za ta ga alamar ₦ a gaban kowane zubi. Ta girmi yawancinmu, amma ba wata tsohuwa ba ce. Ranar 1 ga Janairu, 1973, zamanin Janar Gowon, aka ajiye fam da sule aka kawo naira da kobo, fam ɗaya a naira biyu. Daga sunan ƙasar aka gutsuro kalmar, ana kuma cewa Cif Awolowo ne ya raɗa ta. Alamar kuwa harafin N ne aka ratsa masa layi biyu a kwance.

To, gwamnati ta canza takarda, amma bakin 'yan Kasuwar Kurmi bai canza ba. Iyayenmu suka ci gaba da ciniki da fam, naira ɗaya su ce sule goma. Har gobe ₦200 jaka muke ce mata, wato fam ɗari. Su ajamin jikin takardar suke karantawa, shi ya sa cire shi daga ƙananan takardu a 2007 ya yi musu ciwo. Mu kuwa sai a ajin yaƙi da jahilci muka koyi jan layukan nan biyu, muka daina ba wani ya rubuta mana bashinmu.