Maganin shafawa na ƙaiƙayin gaba da makero: wanne ya dace da mai juna biyu?

Ƙaiƙayin gaba mai zuwa da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo yakan yawaita a lokacin goyon ciki, saboda sauyin sinadaran jiki yana bai wa ƙwayar Candida, ɗaya daga dangin fungas, damar yaɗuwa. Dangin nan ne kuma ke haddasa makero da ƙyasbi.

Magungunan shafawa da na cusawa irin su clotrimazole da miconazole da nystatin, su ne likitoci suka fi amincewa da su ga mai juna biyu. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ke ratsa fata ya shiga jini, kuma an shafe shekaru da dama ana amfani da su ba tare da an alaƙanta su da nakasar jarirai ba. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar mai ciki ta yi kwana 7 tana amfani da na cusawa, domin gajeren magani bai cika kawar da cutar ba a wannan lokaci. An fi son ta cusa ƙwayar da yatsa mai tsabta, maimakon robar da ke zuwa cikin kwalin.

Haɗarin ya fi yawa a maganin haɗiya. A shekarar 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa shan fluconazole miligiram 400 zuwa 800 kullum a watanni ukun farko na iya jawo nakasa ga jariri. Wani bincike na ƙasar Denmark a 2016 ya alaƙanta maganin da ƙaruwar ɓari. Griseofulvin, wanda aka saba sha don makero, an hana mai ciki shi baki ɗaya.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne man shafawa mai haɗi uku da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Yakan ƙunshi betamethasone ko clobetasol, masu kwantar da ƙaiƙayi nan take amma su ƙara wa makero faɗi, kuma an danganta shafa su da yawa da haihuwar jariri maras nauyi.

Ba duk abin da ake kira sanyi ne fungas ba. Ruwa mai wari, ko ruwan ɗorawa, ko mai haɗe da jini ko ciwon mara, yana buƙatar gwaji a wurin awon ciki kafin a fara kowane magani.