Rediyo mai allon taɓawa a tsohuwar mota: abin da ake dubawa kafin a sa shi

Rediyo mai allon taɓawa, wanda masu shago a ƙasashen Faransanci ke kira «autoradio Android», na'ura ce da ake sawa a gurbin rediyon da mota ta fito da shi daga masana'anta. Ban da tashoshin FM, yana karanta filashi, yana haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth, yana nuna taswira, kuma ana jona masa kyamarar baya. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai masu manhajar Android a cikinsu, yawanci ƙirar ƙasar Sin, waɗanda ƙaramar kwamfuta ce da kanta. Akwai kuma na Pioneer, Sony, Kenwood da JVC, da ke dogara da wayar direba ta hanyar Apple CarPlay, wadda ta fito a 2014, ko Android Auto ta 2015.

Abu na farko da ake tambaya shi ne kasuwar da aka ƙera motar dominta. Tsofaffin motocin da ake saukewa a Kwatano, Lome, Tema da Duwala daga Turai wasu suka zo, wasu daga Amurka, kaɗan daga Japan, kuma kowane yanki da tsarin rediyonsa. Na Amurka yana tsalle ne daga 96.1 zuwa 96.3, ba ya tsayawa kan 96.2, shi ya sa wasu tashoshi ke fita da shashshaka a Camry ko Corolla da aka kawo daga can, ko da eriya lafiya take. Tsohon rediyon Japan kuwa daga 76 zuwa 90 yake kamawa, alhali tashoshin yankin nan suna tsakanin 87.5 da 108. Sabon rediyo yana magance wannan, muddin an zaɓi yankin Turai ko Afirka a cikin saitinsa. Mai sauraron gajeren zango ya sani cewa yawancin waɗannan alluna ba su da shi, wasu masu araha ko matsakaicin zango babu.

Girman gurbi

Ma'aunin da ake kira DIN daga Jamus ya samo asali. Gurbi ɗaya faɗinsa milimita 180 ne, tsayinsa 50. Gurbi biyu, wato 2 DIN, tsayinsa 100. Motar da ke da gurbi ɗaya, kamar Peugeot 406 ko Mercedes 190, ana samun mata rediyo mai ƙaramin jiki da allo a waje, sai dai a auna kada allon ya rufe ƙofar iskar sanyi ko ya tokare giya. Toyota da yawa faɗin gurbinsu 200 ne, don haka ake cike gefe da 'yan robobi. Ana sayar da firam na kowace ƙirar mota da shekararta. Sassaƙe gaban mota da wuƙa don allo ya shiga ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

Wayoyi

Nan ne aikin yake. Yawancin motocin Turai na shekarun 1990 zuwa farkon 2000 suna da soket na ISO mai gida biyu, ɗaya na wuta, ɗaya na lasifika. Toyota, Honda da Nissan kowanne da irin nasa soket, amma akwai mahaɗi, «faisceau adaptateur» a Faransanci, wanda bakinsa ɗaya ke shiga na mota, ɗayan na rediyo. Kuɗinsa bai kai na gyaran da ke biyo bayan yanke wayoyin mota ba, kuma yana ba da damar mayar da tsohon rediyo ranar da za a sayar da motar.

A ɓangaren sabon rediyo launuka kusan iri ɗaya ne ko'ina. Rawaya tana ɗaukar wutar batir kullum, ita ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Ja tana samun wuta ne kawai idan an murɗa makulli. Baƙa ta jikin mota ce. Shuɗiya tana tayar da eriya ko amfilifaya, mai ruwan lemo tana rage hasken allo idan an kunna fitilu. Lasifikokin gaba farar waya da mai ruwan toka, na baya koriya da shunayya, kowace da abokiyarta mai baƙin layi. Launukan ɓangaren mota ba sa bin wannan tsari, don haka da mitar auna wuta ake gane su, ba da ido ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsakanin ja da rawaya. A wasu Volkswagen, Audi da Opel an musanya gurbinsu a soket, sai rediyo ya riƙa manta tashoshi duk lokacin da aka kashe mota. Maganinsa a sauya su a mahaɗin, shi ke nan. Mai gaggawa kuwa yakan haɗe su biyun kan wutar kullum, rediyo ya ƙi mutuwa da makulli, ya kwana yana shan batir. Motar da ke fita kowace safiya za ta daɗe ba ta nuna ba. Wadda ta yi kwana uku a ajiye, ko ta tsaya jiran takardu a kan iyaka, sai an tura ta, kuma batir ake ɗora wa laifi a sayi sabo. Masu gyaran wutar mota sukan ɗauki abin da ya haura miliamfa 50 bayan an kashe komai a matsayin alamar akwai abin da ke zuƙa.

Ana cire kan batir mai alamar ragi kafin a fara. Ba a jona wayar lasifika da jikin mota, domin hakan yana ƙone amfilifayar da ke cikin rediyo. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef ba ya jure zafin watan Afrilu. Gam ɗin yana narkewa, wayoyi su taɓa juna a bayan roba inda ba mai gani. A haɗa da dalma ko matsewa. Fis ɗin rediyo, galibi mai amfa 10, idan ya ƙone akwai dalili, kuma sa masa guntun waya ko takardar sigari shi ke kai wa ga gobara. Wayoyi masu rawayen soket da ke kusa da sitiyari na jakar iska ce, ba a taɓa su.

Motocin da ba su da jar waya

Daga tsakiyar shekarun 2000, motoci irin su Golf 5 da Peugeot 407 sun koma aika wa rediyo umarni ta layin saƙo da ake kira CAN, don haka babu wayar makulli a soket ɗinsu. Suna buƙatar ƙaramin akwati mai fassara saƙon, wanda kuma ke rayar da maɓallan sitiyari. Dole a saye shi da sunan motar. Haka ma motar da ke da amfilifaya ta masana'anta, kamar Toyota mai tambarin JBL: allo zai kama amma ba sauti sai an tayar da ita ko an kewaye ta. Wasu Volkswagen eriyarsu ma wuta take so, in ba haka ba tasha ta ɓace da an bar gari.

Wajen saye, abin da aka rubuta a kwali ba hujja ba ne. Mai RAM giga 1 yana nauyi da zarar an buɗe taswira, 2 ne mafi ƙaranci, kuma akwai alluna da aka shirya su nuna adadin da ba su da shi, don haka a gwada a shago. «4x50W» iyakar ƙarfi ce ta ɗan lokaci, ainihin abin da kowace lasifika ke samu bai wuce wat 20 da wani abu ba. Mai fanka ko faffaɗan ƙarfe a baya ya fi jure rana. Direban da ke ƙetara iyaka, daga Garwa zuwa Injamena, ya sauke taswirar hanya tun a gida, saboda GPS ba ya buƙatar intanet amma taswirar tana buƙata.

Akwai kuma wayar birkin hannu, wadda ke hana bidiyo fitowa sai mota na tsaye. Masu sawa da yawa suna jona ta da jikin mota don fim ya yi ta tafiya a kan hanya. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, kuma kallon allo na daƙiƙa biyu mita 50 ke nan ba mai duban titi. Mai mota yana iya cewa a jona ta inda aka tanada, aikin bai fi minti goma ba.