Tukunyar Kufai da Shanun Dutsen Mesa

A ƙasarmu ta Haɗejiya dutse baƙo ne. Mutum zai yi tafiyar yini guda cikin fadama da jigawa bai ci karo da wanda zai jefi kare da shi ba, har dutsen niƙan kakata ma daga nesa fatake suka kawo shi, ta kuma riƙe shi riƙon gado. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya gane cewa mutanen da suka riga mu zama a bakin wannan kogi ba su sami allon da za su bar mana saƙo a kai ba. Abin da suka gina da ƙasa ya koma ƙasa, abin da suka saƙa gara ta ci. Abin da ya rage shi ne kufai, wato tudun da gari ya tashi ya bari, inda garma kan tono tsingaro duk damina.

Akwai irin wannan kufai a arewacin ƙauyenmu, a kan wani tudun yashi da ambaliya ba ta taɓa hawa ba. Tun muna yara an hana mu zuwa can da tsakar rana ko bayan almuru. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, ita ce ta fi kowa iya labarinsa. Takan ce a zamanin Sarki Buhari, da mahaya suka tunkaro garin, mai garin ya tara zinariya da azurfa cikin tukunya ya binne a gindin wata tsamiya, ya yanka baƙin sa a kai, ya ba aljanu amana. Tun daga ranar, in ji ta, tukunyar tafiya take yi a ƙarƙashin ƙasa: ka haƙa gabas ta koma yamma. Na taɓa tambayarta ko ita ta gani da idonta. Sai ta harare ni ta ce, “Kai maigidana, da na gani ai da ba ka same ni ina dakan gero ba.”

Ba a banza labarin ya rataya a wuyan Buhari ba. Ya riƙe Haɗejiya a tsakiyar ƙarni na 19, ya yi wa Sakkwato tawaye, ya karya rundunar da aka turo masa a yaƙin Kaffur, ya kuma yi shekaru yana kai hare-hare ƙasashen maƙwabta har rasuwarsa a 1863. A irin wannan zamani binne abin hannu dabara ce ta mai hankali, kuma ba kowane mai binnewa ne Allah ya nufa ya dawo ya tone ba. Haka aka sake shiga firgici a watan Afrilu na 1906, lokacin da sojojin Turawa suka afka wa birnin, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da jama'a masu yawa, abin da ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada. Malamanmu ma sun san zancen tun da daɗewa, domin littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi magana a kan rikazi, dukiyar da mutanen da suka binne, da khumusin da ake fitarwa daga cikinta. Saboda haka ba na cikin masu yi wa labarin Iya dariya. Kuskurensa guda ne: ya rage wa kufan shekaru. Kafin Buhari, kafin ma Sambo ya kafa mulkin Fulani a farkon ƙarnin, akwai ƙananan masarautu a wannan ƙasa, irin su Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura, suna bin Barno ta hannun Galadima da ke Nguru. Garun Gabas ita ce Biram da ake lissafawa cikin Hausa Bakwai. Auyokawa kuwa harshensu daban ne da Hausa, ya kuma mutu, ba a bar mai jin sa ko ɗaya ba. Al'ummar da harshenta ya ɓace, ba ta bar littafi ba, ba ta da dutse, ina za a nemi labarinta in ba a cikin ƙasar da ta zauna ba?

Ina aji biyu na sakandare abin ya faru. Shekara biyu a jere ruwa ya cinye shinkafar kawuna, ga kachalla ta toshe mashigin da yake kamun kifi, ga bashin taki a kansa. Ana cikin haka wani baƙo ya sauka a ƙauyen, da buzu da tasbaha mai dubu, ya buga ƙasa ya ce ya ga tukunyar, kuma shi yana da asirin da zai ɗaure ta ta daina tafiya. Sai dai aikin yana bukatar turare na musamman da baƙin bunsuru da wasu kuɗi da ba a faɗa wa mata yawansu ba. Kawu ya kai bijimin huɗarsa kasuwa ya sayar. Dare uku suna haƙa, shi da abokansa biyu, ni kuma ina riƙe da fitila, don an ce yaron da bai san mace ba aljanu ba sa gudunsa. A dare na uku dagi ya bugi wani abu mai amo. Tukunya ce kuwa, babba, wadda baki biyu ba za su rungume ba, an kife ta da wata ƙarama. Kawu bai jira komai ba, ya ɗaga diga ya sauke mata.

Ba zan manta shirun da ya biyo baya ba. Ƙasusuwan mutum ne a ciki, a naɗe kamar mai zaman tsugune, da munduwa guda da ta yi kore, da 'yan duwatsun wuya jajaye. Kafin gari ya waye baƙon ya yi layar zana. Liman ya sa aka mayar da ƙasusuwan aka rufe, ya yi wa Kawu faɗan da bai taɓa ji ba tun yana yaro. Munduwar wani dillali ya saye ta a kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Ni kuma na ɓoye dutsen wuya ɗaya a aljihu, ban gaya wa kowa ba.

Sai bayan shekaru, ina ɗalibin tarihi, aka kai mu Birnin Kudu, a kudancin jiharmu, inda ƙasa ta sauya ta zama ta duwatsu. A can na ga abin da mutanen fadama ba su sami ikon yi ba. A ƙarƙashin rumfunan dutse na Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zane-zane da jan launi da fari, waɗanda Bernard Fagg na Sashen Kayan Tarihi ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, aka kuma sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa. Kusa da su akwai duwatsu masu amo kamar kuge idan an buga, duk sun lotsa saboda yawan bugu, kuma Fagg ya tarar amaren garin na zuwa wajen duwatsun a ranar bikinsu. Na tsaya ina kallon zanen, sai na lura da abin da malaminmu yake so mu lura da shi: shanu ne, masu dogayen ƙahoni, amma ba su da tozo. Yau duk garken da ya ratsa Birnin Kudu ko ya sauka fadamar Haɗejiya da rani, fari ne ko ja, da tozonsa. Sai ka nausa Tafkin Chadi kafin ka ga shanun Kuri marasa tozo. Ashe wanda ya yi zanen ya rayu ne cikin wata duniyar kiwo da ta shuɗe, kuma ba da baki ya gaya mana ba, da doron saniya ya gaya mana.

Wani abu ya daɗa tsaya mini a rai. A bakin makiyayi, idan ya ce dukiya, ba zinariya yake nufi ba, dabbobinsa yake nufi. Mai zanen nan dukiyarsa ya zana, a fili, inda kowa zai gani. Na tuna bijimin Kawu.

Wannan zane reshe ne na wani abu mai faɗin gaske. Hamadar Sahara cike take da irinsa, tun daga Tasili a Aljeriya har duwatsun Azbin. A Dabous, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙumin dawa a jikin dutse wanda tsayinsa ya haura mita 5, a wurin da yau ko akuya sai ta yi da gaske. Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya ga zanen shanu a hamadar Libiya a 1850, ya kuma fahimci cewa ƙasar ta taɓa zama mai ruwa da ciyawa. A shekarar da ta biyo ya bi ta Gumel zuwa Kukawa, lokacin da sunan Buhari ke kaɗa hantar matafiya. Binciken baya ya gaskata shi: tsakanin kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara kore ce, Tafkin Chadi kuma ya kumbura har tsohuwar gaɓarsa ta bi ta Bama da Maiduguri. Jigawar da jiharmu ta ci sunanta kuwa ragowar wani zamanin fari ne da ya gabaci wannan, sa'ad da iska ta jera tudun yashi har kusa da Kano. Hamada ta zo nan ta koma, ruwa ya zo ya ja baya, kufanmu yana zaune a kan shaidar duka biyun.

Su ma mutanen hamada suna da tasu tukunyar mai tafiya. Masarawa sun daɗe suna labarin Zarzura, farin birni ɓoyayye mai cike da taska. Neman Zarzura ne ya ja wani Bahangare mai suna Laszlo Almasy cikin hamadar yammacin Masar, inda a 1933 ya iske kogon da aka zana mutane kamar suna iyo. Taska bai samu ba. Amma sunan kogon ya zagaya duniya.

Ban ce babu zinariya a ƙasar Hausa ba. A Durɓi ta Kusheyi, tsakanin Katsina da Daura, an tone kaburburan sarakuna a 1907, aka sake tonowa a 1992, aka sami 'yan kunne na zinariya da kwanonin tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya da kuɗin wuri. Nauyin zinariyar ba wani abin a zo a gani ba ne a wajen maƙeri. Darajarta ita ce an same ta a inda aka ajiye ta, an auna zurfi, an rubuta abin da ke gefenta, aka gane cewa tun wajen ƙarni na 13 da na 14 sarakunan wannan yanki suna hulɗa da ƙasashe masu nisa. Da barayin dare ne suka riga isa, kamar yadda aka yi wa wuraren Nok a shekarun 1990 da makabartun Bura a Nijar, da 'yan kunnen sun narke, shekaru ɗari bakwai sun bi su.

Misalin da ya fi kusa da mu ya fi wannan ban mamaki, don babu ko ƙwayar ƙarfe a cikinsa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a jihar Yobe ta yau, ya ci karo da itace a zurfin wajen mita 5. Bai sare shi ya yi makamashi ba, ya kai labari. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da shi: kwalekwale ne na maɗaci, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, wanda ya fi kowane jirgin ruwa da aka sani a Afirka tsufa. Ruwan Komadugu Gana da na Haɗejiya a kogin Yobe suke haɗuwa. Duk lokacin da na ga masunci yana tura kwalekwale da gora a Marma ko a dausayin Nguru, nakan tuna cewa sana'arsa ta girmi dalar Masar.

A nan ne nake ganin labarin Iya ya yi aikin da doka ba ta yi ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono irin waɗannan wurare ba da izini ba, amma a ƙauyenmu babu wanda ya taɓa jin ta. Tsoron aljanun tsamiya ne ya tsare kufan nan tsawon zamani. Labarin yana da baki biyu, ɗaya yana cewa akwai dukiya, ɗaya yana cewa kada ka taɓa. Muddin rumbu yana da hatsi, baki na biyu ake ji. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliya ta daina zuwa a kan ƙa'idar da manomi ya sani, wata shekara ta ƙi zuwa, wata ta zo ta share gari kamar a 2022, mutane kuma suna ta hawa tudun da a da ake kewayewa, suna gini, suna ɗibar yashi da tifa. Mai bashin taki baki na farko yake ji. Ban ga laifin Kawu kamar yadda na gani ina yaro ba, ko da yake har ya rasu bai sake mallakar sa ba.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na ɗauki dutsen wuyan nan na kai wa malaminmu na ilimin tone-tonen tarihi. Ya juya shi a tafin hannu, ya ɗaga shi a hasken taga, ya ce irin wannan jan dutse an daɗe ana fatauci da shi a ƙasashen Sudan, binne mamaci cikin tukunya kuma sananniyar al'ada ce a kewayen Tafkin Chadi. Daga nan ya jawo takarda ya fara tambaya. Zurfin ramin nawa ne? Ina kan mamacin yake fuskanta? Akwai gawayi a ƙarƙashin tukunyar? Wane irin ado ne a bakinta, ko na ajiye tsingaro ko da guda?

Na ce, “Malam, fitila kawai na riƙe.”

Ya ajiye alƙalamin, ya miƙo mini dutsen. Da na je gida hutun ƙarshe na hau kufan da rana tsaka don in gwada ko zan gane wurin. An sare tsamiyar, an shuka kankana a kan tudun gaba ɗaya.