Dogara

dogara (suna, mace; ana kuma cewa *dogaro*). Jingina nauyin jiki a kan wani abu, kamar tsoho da sandarsa. A bakin Kirista: miƙa wa Allah ragamar al'amari, musamman in rayuwa ta sauya hanya, ko aure, ko sabon wurin aiki, ko rashin miji, ko ƙaura bayan rikici.

Masu wa'azi kan kafa misali da Ibrahim. Littafin Farawa, sura 12, ya nuna yana da shekara 75 ya kwashe Saratu da Lutu ya bar Haran, bai ma san ƙasar da za shi ba. Sai Rut, gwauruwa 'yar Mowab, wadda ta bi surukarta Na'omi zuwa Baitalami, ta shiga kala a gonar Bo'aza. Tata ta fi taɓa zuciya, domin ta dogara, amma ba ta naɗe hannu ba.

A majami'un Jos da Kaduna, daren 31 ga Disamba, akan raya dare da addu'a da waƙa, a danƙa wa Ubangiji sabuwar shekara.

Ana raɗa wa yaro sunan Dogara, misali Yakubu Dogara, Kakakin Majalisar Wakilan Najeriya daga 2015 zuwa 2019.

Duba kuma: *bangaskiya*, *tawakkali*.